Ranar da Sienna ta samu sabuwar ƙwaƙwalwa

Talata da dare, Kano.

Ruwan da aka kwana ana yi bai ɗauke ba sai gab da asuba. Bakwai saura kwata yara sun shirya, na shiga mota na murɗa makulli. Injin ya juya, ya juya, ya ƙi kamawa. Na sake, haka. Sau biyar na gwada kafin uwargida ta leƙo ta ce, "Abban yara, ka bar ta haka kada batirin ya mutu, bari in tare musu a-daidaita-sahu."

Motar Toyota Sienna ce ƙirar 2005, mai injin silinda shida, lita 3.3. Shekara bakwai tana hannuna. Ita ke kai yara makaranta, ita ke kai mu gida Gaya da salla, ita ta kai mahaifiyata asibiti cikin dare ba sau ɗaya ba. Shi ya sa abin da ta yi mini cikin makonni ukun nan ya tsaya mini a rai. Sai ana cikin tafiya ta mutu, a jira minti goma ta tashi kamar ba ita ba. Bakaniken da na fara kai wa ya canza filogi shida. Bayan kwana huɗu ya ce koyil ne, aka canza biyu. Daga nan ya ce famfon mai ne. Duk na biya, ciwo yana nan. Abin da ya fi damuna shi ne ko sau ɗaya ban ga ya ɗora mita a kan wata waya ba.

Yau sai na kira wani mai rewaya da abokin aikina ya daɗe yana yaba mini. Wajen tara da rabi ya iso a babur shi da yaronsa, da 'yar jaka ɗaya. Dattijo ne, maganarsa kaɗan. Kafin ya buɗe bonet ya zaunar da ni ya yi ta tambaya. Yaushe ta fara? Da safe ta fi yi ko da rana? An taɓa cire kan batir injin yana aiki? An wanke injin da ruwan matsi? An yi mata walda? Da ya tambaya ko tana yi ranar da ba a yi ruwa ba, na yi shiru ina lissafi. Wallahi duk ranakun da ta mutu, ko dai an yi ruwa da daddare ko ana cikin yi.

Ya ce, "Alhaji, murɗa makulli, amma kada ka tayar." Na murɗa, fitilun dashbod suka kawo. Ya nuna mini gurbin fitilar nan mai hoton inji, ya ce ita ce ba ta kawo ba. A mota mai lafiya dole ta kama da zarar an buɗe makulli, don ƙwaƙwalwar motar ce ke kunna ta, wato kwamfutar da makanikai ke kira birenbos. In ba ta kama ba, sau da yawa ko dai wuta ba ta isa ƙwaƙwalwar, ko ƙwaƙwalwar kanta ta tafi. Ya jona sikana, wato na'urar da ke karanta matsalar mota, a soket ɗin nan mai ƙofa 16 da ke ƙasan sitiyari, irin wanda aka wajabta wa motocin Amurka tun 1996. Na'urar ta kawo wuta, ta yi ta nema, ta ce ba ta samu wanda zai amsa mata ba.

Ni a raina na riga na yanke hukunci, na ce to Malam, a je a sayo wata mana. Ya girgiza kai. Ya ce sau da yawa ana ɗora wa birenbos laifin da ba nata ba, mutum ya kashe kuɗi mai yawa alhali fis ne ya ƙone ko wayar at, wato wadda ke haɗe da ƙarfen jikin mota, ta saki. A nan ne na ga aikin da ya sa nake rubuta wannan. Ya auna batir, ya wuce bolt 12. Ya zare fis ɗin EFI, wanda ke ba ƙwaƙwalwar wuta, ya duba, lafiya. Ya cire rile ɗinta ya gwada da wata, babu canji. Sannan ya zare soket ɗin sensar totur ya ɗora mita. Ya bayyana mini cewa ƙwaƙwalwar tana karɓar wutar batir ta rage ta zuwa bolt 5, ta raba wa wasu sensa. A wayar nan babu komai. Duk da haka bai gamsu ba, ya ce sensa ɗaya in ta haɗe daga ciki tana iya janye bolt 5 ɗin gaba ɗaya, ta sa ƙwaƙwalwa mai lafiya ta yi kamar matacciya. Yaron ya riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya, shi yana kallon mita. Ba ta motsa ba.

Sai a lokacin ya koma gefen mai zaman banza ya kwance aljihun dashbod. A bayansa ƙwaƙwalwar take, ɗan akwati kamar faɗin littafi, da sokets a jikinsa. Ya auna a bakin soket ɗin: wuta tana isowa, at tana nan daram. Abinci yana zuwa, mai ci ne babu. Da ya zare sokets ɗin sai ga danshi, wasu ƙafafun sun yi kore shar. Ya buɗe murfin ya miƙo mini. Allon ciki ya yi tabon ruwa fari-fari, gefe ɗaya ya yi baƙi, yana warin ƙonanniyar roba.

Na ce alhamdu lillahi, an gano. Ya ce, "Da saura, ranka ya daɗe. Ba mu san wanda ya kashe ta ba. In muka sa wata yau, ruwan gobe zai bi ta." Ya ce a ba shi buta. Yaron ya tsaya a waje yana tsiyaya ruwa a bakin gilashin gaba, mu muna ciki da tocila. Bai kai minti biyu ba sai ga ɗigo yana biyo ƙarfen ciki, yana sauka daidai kan wayoyin. Nan na tuna. Da rani dutse ya fasa mini gilashi a hanya, na canza a wajen wani mai gilashi, kuma gam ɗin da ya sa bai kama kusurwar ba. Ba a gane ba sai da damina ta kankama.

Bayan azahar muka tafi kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa da tsohuwar ƙwaƙwalwar a leda. Malam ya nuna mini lambar da ke kan takardar jikinta, wadda ta fara da 89661, ya ce sauran lambobin da ke biye su ne magana. A Sienna ƙwaƙwalwa ɗaya ce ke kula da inji da giya, kuma ta mai jan ƙafa huɗu daban take da ta mai jan gaba, ta 2007 zuwa 2010 kuma injinta ma wani ne, lita 3.5. A shago na biyu aka fito mana da wata, mai shagon ya ce ai duk Sienna ce, za ta yi. Malam ya duba lamba ya mayar masa cikin ladabi. A shago na huɗu muka samu daidai, 'yar Beljiyam. Ya duba ƙafafunta a hasken rana, ya shinshina, ya duba ko an taɓa kwance sukurorinta. Aka yi ciniki a kan sharaɗin in ba ta yi ba a dawo da ita. Kuɗin ya ci rabin abin da na ware na makarantar yara na zangon gaba, kuma na ji shi har cikin raina.

Da muka dawo ya cire kan batir tukuna. Ya wanke sokets da maganin fesawa, ya kankare koren da ɗan buroshi, ya canza ƙafafu biyu da suka cinye. Ya ɗaura, ya mayar da batir. Na murɗa makulli, fitilar inji ta kama. Na yi kik, ta juya ta ƙi tashi, gabana ya faɗi. Shi ko a jikinsa. Sikana yanzu tana magana, ta nuna lambar matsala B2799. Ya ce makullina mai ɗan guntun ƙwaƙwalwa ne a ciki, na'urar tsaron motar kuma ba ta san baƙuwar ba, sai an gabatar da su. Ya lanƙwasa 'yar waya ya haɗa ƙofa ta 4 da ta 13 a soket ɗin sikana, ya buɗe makulli, ya ce a bar ta minti 30 cif, kada kowa ya taɓa. Ya jona wani batir don kada wuta ta yi ƙasa. Muka tafi masallacin unguwa muka yi la'asar.

Da muka dawo ya kashe makulli, ya zare wayar, ya ce bismilla. Bugu ɗaya ta tashi. Silo ya ɗan yi sama da ƙasa, sannan ya zauna. Ya auna caji, bolt 14 da ɗan kai. Muka hau Titin Zariya har Na'ibawa muka juyo, giya tana shiga lafiya lau, fitila ba ta dawo ba. A hanya na tambaye shi koyil ɗin da aka cire mini, ya ce in nemo su in adana, mai yiwuwa babu abin da ya same su. Bai faɗi ko kalma ɗaya ta ɓatanci a kan wancan bakaniken ba, ni ne dai har yanzu raina bai huce ba.

Kuɗin aikinsa bai kai na filogin da aka canza mini ba. Na ƙara masa, na ba yaron na shayi. Kafin ya hau babur ya liƙe kusurwar gilashin da salatif, ya ce wannan na dare ɗaya ne, gobe da sassafe a cire gilashin a sake masa gam gaba ɗaya.

Yanzu goma ta wuce, hadari ya sake haɗowa ta gabas. Ni da babban ɗana mun lulluɓe gaban motar da tampol, mun danne da bulo huɗu. Gobe bayan na sauke yara, wajen masu gilashi zan wuce, kuma ina tsaye za a zuba ruwa a gwada kafin in biya.