Kofi uku a ƙarƙashin ƙasar Meursault

Alhamis, da dare.

Yau ba mu shiga aji ba. Malamar da ke koya mana ilimin ƙamshi da ɗanɗanon abinci ta kwashe mu a bas daga birnin Dijon na Faransa zuwa Meursault, wani ƙauye da ke kudu da garin Beaune kaɗan, inda kusan duk gonar da ka hango ta inabin Chardonnay ce. Tun farkon zango na gaya mata ba na shan giya. Ta ce hanci ma ya wadatar, domin yawancin abin da mutane ke kira ɗanɗano ta hanci yake shiga. Su kansu masu ɗanɗanawar ba haɗiyewa suke yi ba: su kurɓa, su juya a baki, su tofar a bokiti.

Mai gidan yin giyar inabin da muka ziyarta dattijo ne marar yawan magana. Ya sauka da mu ɗakin ajiyarsa na ƙarƙashin ƙasa, sanyi kamar digiri 12, ga gangunan itacen oak jere har ƙarshen bango. Kowace tana cin lita 228. Ya ce ta mutanen Bordeaux, wani yankin giyar inabi na Faransa, 225 take ci, ya kuma maimaita, kada wani ya tafi bai ji ba.

Ya zuba mana farar giyar inabi kofi uku. Inabi ɗaya, gona ɗaya, shekara ɗaya. Abin da ya raba su mazubi ne kawai. Ta farko a tankin ƙarfe ta zauna, ta biyu a gangar da ta yi shekaru ana amfani da ita, ta uku a sabuwar ganga fil.

Ta tankin ƙarfe ba ta da ɓoye-ɓoye: lemon tsami da ɗanyen tuffa, shi ke nan. Ta sabuwar ganga kuwa tun kafin kofin ya iso hancina na ji banila, sannan ƙaurin gasasshen burodi, can ƙasa kuma kanumfari. Inabin sai da na lalubo shi. Wadda ta riƙe ni ita ce ta tsakiya. Lemon yana nan bai gudu ba, amma kaifinsa ya kwanta, wani ƙamshi mai kama da soyayyar gyaɗa ya biyo bayansa a hankali. Abokiyar zamana ’yar Senegal, wadda ta kurɓa, ta ce a baki ma ita ta fi cika da laushi, ta ukun kuma tana barin ɗan bauri a harshe.

Wani ɗan ajinmu ya ɗaga kofi na uku ya ce yana jin man shanu, lallai aikin itace ne. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce itace ba ya ba da man shanu. Bayan yis ya gama mayar da sukarin inabi barasa, wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke juya tsamin nan mai kaifi irin na tuffa ya koma tsami mai laushi irin na nono, kuma a cikin wannan aikin suke fitar da sinadarin da ke ƙamshin man shanu. Da yake galibi a cikin ganga abin ke faruwa, sai ganga ta karɓe yabon. Haka ma kaurin da ake ji a baki: wani ɓangarensa daga matattun ƙwayoyin yis ne da suka kwanta a ƙasan ganga, waɗanda yake zura sandar ƙarfe yana motsawa lokaci-lokaci.

To me itacen yake bayarwa? Nan malamarmu ta karɓi magana, kuma nan na fi cika littafina. Oak na Faransa tsaga shi ake yi bisa jijiyarsa, ba a yanka shi da zarto, in ba haka ba ganga za ta yi yoyo. Ana barin katakon a fili shekara 2 zuwa 3, ruwa ya doke shi, rana ta doke shi, har ɗacinsa ya ragu. Sannan masassaƙi ya harhaɗa shi ya kifa a kan wuta, ya lanƙwasa, ya gasa cikin. Wutar nan ce ke farfasa sinadaran itacen su saki banila da ƙamshin ƙonannen sukari. In aka tsawaita gashin, sai hayaƙi da kofi su shigo. Oak na Amurka ana iya yanka shi da zarto, ya fi araha, kuma ya fi ba da ƙamshin kwakwa. Ban da ƙamshi, ganga tana barin iska kaɗan-kaɗan ta shiga, wani abu na ciki kuma yana bin iska, shi ya sa dole a riƙa cike gurbin don kada giyar ta lalace.

Ya nuna mana hatimin da ke jikin wata ganga: dajin Tronçais. A wajajen 1670 Colbert, ministan Sarki Louis na 14, ya sa aka tsara dajin domin samar wa jiragen ruwan yaƙi katako. Itatuwan da ake sarewa don ganga sukan kai shekara 150 zuwa 200. Duk da haka bayan cikawa uku ko huɗu ganga ta gama ba da ƙamshinta.

Ni dai abin bai zo mini baƙo ba. Ruwan sabuwar randa ƙamshin ƙasa yake yi sosai, tsohuwa kuwa sanyi kawai take bayarwa. A ganina wanda ya zuba komai a sabuwar ganga, aikin masassaƙi yake sayarwa, ba na manomi ba. Da na faɗi haka dattijon ya ce shi ma kashi ɗaya cikin huɗu kawai yake sakawa a sababbi, sauran a tsofaffi, daga baya ya gauraya. Ya ƙara da cewa sabuwar ganga ɗaya tana kusan kaiwa yuro 1,000, don haka aljihu ma yana da ta cewa.

Mun dawo Dijon bayan magariba. Malama ta taho da kwalabe uku na samfur. Ranar Litinin za mu saka su a na’ura mu auna yawan banilar kowanne, kuma ƙungiyarmu aka ba wa na tsohuwar gangar.