Shatar mota daga Kaduna zuwa Abuja: kuɗin zuwa da dawowa kake biya

Duk wanda ya nemi shatar mota a kai shi Abuja a sauke shi kawai, yakan sha mamakin farashin da za a yanka masa. Ba zalunci ba ne. Kai kilomita kusan 190 kake gani, direba kuwa 380 yake lissafawa, domin dole motar ta dawo gida. Ƙaramar mota irin Corolla mai lafiyayyen inji tana shan lita ɗaya a kilomita 10 zuwa 12, wato lita 32 zuwa 38 zuwa da dawowa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, man nan ne ke cinye kaso mafi tsoka. Ga ladan direba, ga kuɗin kwana idan tafiyar yamma ce, don ba kowa ke yarda ya biyo hanyar da dare ba. Kamfanin da zai ba ka mota ka tuƙa da kanka ma sai ya tura wanda zai ɗauko ta, kuma a aljihunka.

Za ka ce ai sai ya ɗebo fasinja a dawowa. Ina! Motar da ba ta da layi a tashoshin Abuja irin Jabi ko Zuba, 'yan yuniyon ba za su bari ta yi lodi ba.

A nan dabarar take. Je tasha ka sayi kujerun mota duka. Direban tasha zai shiga layi a can ya ciko motarsa, saboda haka kuɗin zuwa kaɗai zai caje ka. Tambayi kuɗin mutum ɗaya, ka ninka da adadin da suke lodawa, ba adadin kujerun ba: Golf sau da yawa mutum shida ne, biyu gaba huɗu baya. A yi cinikin gaban ɗan kamasho, a faɗi unguwar da za a sauke ka da abin da za ka ƙara, a kuma rubuta sunanka a takardar fasinja. In kai kaɗai ne kuma matsi kawai kake gudu, kuɗin mutum biyu na gaba ya ishe ka. Mai zuwa Zariya ko Kano, a tashar Kawo zai yi wannan ciniki.

Jirgin ƙasa na Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja, wanda ya fara aiki a 2016, ya fi sauƙi ga mutum ɗaya ko biyu marasa kaya da yawa. Sayi tikiti ta intanet da wuri, da lambar NIN, sunan da ke kan tikitin ya dace da na katinka. Inda mutane ke tafka asara shi ne Idu: tashar na da nisa da gari, kuɗin tasi kan lashe rarar da aka yi. Mai zuwa unguwar Gwarinpa ko Dutse a Abuja ya sauka a tashar Kubwa.

Idan shatar ta zama dole, misali da mara lafiya ko kayan amarya, a yanke magana tun farko: wa zai sayi mai, awa nawa na jira, kuma wa zai kawo wata mota in wannan ta lalace a hanya, misali a Jere. Ba da rabi, cikon sai an sauka.