Abin da ƙwaron wake ya koya mini a aikin malamin gona

Duk wanda ya yi aikin malamin gona a ƙasar Hausa ya san noman wake ba ya ƙarewa ranar da aka gama roro. Wahalar tana ɗakin ajiya. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, Nijar na biye mata, amma manomin da ya sha rana a kansa yakan kai shi kasuwa tun da kaka, lokacin da farashi yake ƙasa, saboda ya san in ya ajiye wata uku ko huɗu ƙwaro zai mayar masa da shi gari. Ribar tashin farashi da bazara sai ta koma aljihun ɗan kasuwa. A kan wannan matsala na fi ba da ƙarfina, kuma a nan na ga yadda kimiyya take shiga gidan mutum, da abin da yake tsayar da ita a zaure.

Maganar da na fi ji daga bakin dattawa ita ce: "Malam, ai ƙwaron nan daga cikin waken yake fitowa, tare aka halicce su." Sabon ma'aikaci yakan yi saurin cewa camfi ne. Ni kuwa na gane cewa idonsu bai yi musu ƙarya ba. Macen ƙwaron tana fara yin ƙwai tun wake yana gona, sannan ta ci gaba a rumbu. Ƙwan shi ne ɗan farin ɗigon nan da ake gani manne a jikin ƙwayar wake. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ba ta fitowa waje, kai tsaye take hudawa ta shige ciki, ta ci ta girma a ɓoye, bayan kamar mako uku zuwa huɗu ta fito a matsayin ƙwaro ta wannan zagayayyen rami. Mace ɗaya tana yin ƙwai gommai. Saboda haka mutumin da ya zuba wake tas a buhu ya ɗinke, ya dawo ya tarar da ƙwari, gaskiya ya faɗa da ya ce daga ciki suka fito. Abin da bai gani ba shi ne ƙwan. Ranar da na fara yawo da ƙaramin gilashin ƙara girma ina miƙa wa mutane su duba da kansu, ranar gardamar ta ragu.

Kafin nan maganin da kowa ya sani shi ne guba. Fiya-fiya, Sniper, da ƙwayar Phostoxin da ake jefawa a buhu, wani lokaci a ɗakin da yara suke kwana. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin waken nan shi ne ƙosan safe da alale da ɗanwaken da 'ya'yanmu suke ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a jikinsa, wato sinadarin da ke cikin Sniper. Su sun auna sun ƙi karɓa. Mu kuwa babu mai auna mana abin da ke cikin tiyar da muka saya a kasuwa.

Buhun PICS, wato buhun ajiya mai hana iska shiga, shi ne ya ba mu abin da za mu miƙa wa manomi a madadin guba. Asalin bincikensa a arewacin Kamaru aka yi shi, wajen Marwa, tun ƙarshen shekarun 1980, tsakanin masana na ƙasar da na Jami'ar Purdue ta Amurka, sannan daga 2007 aka fara yaɗa shi sosai a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Ledoji biyu ne masu kauri, ɗaya a cikin ɗaya, sai buhun saƙa a waje. Babu ko ɗigon magani a jikinsa. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. In aka ɗaure leda da kyau, ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shanye wannan oksijin, ya yi ƙasa, su daina ci, su daina haihuwa. Abin da ya fi ba ni mamaki da na karanta shi ne ƙishirwa tana cikin abin da ke kashe su: wake busasshe ne, ƙwaron kuma yana samun yawancin ruwan jikinsa ne ta hanyar ƙona abinci da oksijin, to da iskar ta ƙare sai ruwan ma ya yanke.

Babban darasin da na koya a nan yake. Umarni ba tare da dalili ba ba ya daɗewa a hannun mutum. Inda aka ce wa manomi kawai "matse iska, ɗaure kowace leda daban, kada ka buɗe", sai ka koma ka tarar an haɗa ledojin biyu an ɗaure da igiya ɗaya, ko an buɗe an ɗebi tiya biyu don baƙi an mayar an sassauta ɗauri, ko an soka wuƙar ɗiban samfur. Wake ya lalace, a ce buhun ƙarya ne. Wasu ma sai su ƙara fiya-fiya a ciki, don hankalinsu bai kwanta da cewa leda zalla za ta iya ba. Amma wanda ya gane cewa iska ce ake hana ƙwaro, shi da kansa zai hura ledar ya duba ko ta huje kafin ya zuba, zai ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera, zai ware na cefane a wani mazubi daban. Duk waɗannan ba sai na faɗa masa ba.

Don haka yanzu kafin in fito da buhu, kyandir nake kunnawa in kife kwalba a kansa, jama'a su ga wutar ta mutu. Akwai wanda zai ce, "Kamar yadda ake kife kasko a kan garwashi ke nan." In na ji haka na san magana ta shiga. Sai mu je ga bushewa, domin ɗanyen wake in aka rufe shi ruɓewa zai yi. A ciza a ji ya yi ƙas, ko a zuba shi a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri a girgiza: in gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar da wake rana.

Sauran aikin kuma lokaci ne yake yin sa. Akan ɗaure buhu a gaban mai gari da jama'a, a ajiye wani waken a buhu na yau da kullum, a dawo bayan wata huɗu zuwa shida a buɗe a bainar kowa. Ba na yin dogon bayani a ranar. Nakan ce, "Ranka ya daɗe, a sa hannu a duba." Mutane su damƙo daga nan su damƙo daga can.

Wani abin da na koya a wurin tsofaffin mata ne. Su ne masu ajiye irin shuka a tukunya, su cakuɗa shi da toka, su liƙe baki da laka. Masu bincike sun gwada dabarar toka sun tabbatar tana aiki, domin tana cike gurbin da ke tsakanin ƙwayoyi ta hana ƙwaro motsi da yaɗuwa. In na ce wa tsohuwa, "Inna, abin da kike yi da tukunya shi ne wannan, sai dai ya fi ɗaukar kaya," ba ta ganin na zo in rushe abin da ta gada. Sai dai yawancin matan da wake yake hannunsu suna cikin gida, namiji baƙo ba ya shiga, kuma mata malaman gona sun yi ƙaranci matuƙa. Garin da muka je da abokiyar aiki mace, sakamakonsa daban yake.

Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne makarantunmu. Nakan haɗu da ɗan sakandare da ya haddace adadin oksijin a iska don jarrabawa, mahaifinsa kuma yana zuba guba a wake a gida, yaron bai taɓa ganin alaƙar abubuwan biyu ba. Laifin ba nasa ba ne, ba a taɓa nuna masa ba. Ana cewa babu ɗakin gwaji, babu kayan aiki, kuma gaskiya ne. Amma wannan gwajin kwalba biyu yake buƙata da wake mai ƙwaro: a cika ɗaya a toshe ta gam, ɗaya a rufe bakinta da ƙyalle, a ajiye a aji, yara su riƙa ƙirga ramuka duk mako suna rubutawa a littafi. Na fara kai wa malaman kimiyya na makarantun yankina kwalaben da kaina, kuma nakan roƙe su su fara a zangon da ya zo daidai da kaka, lokacin da wake yake shigowa gidajen iyayen yaran.