Gwajin tunjere: layi biyu a tsinke bai isa hujja ba

Ƙannena masu shigowa ɗakin gwaje-gwaje, kuskuren da muka fi tafkawa a farkon aiki shi ne rubuta wa mutum tunjere daga gwaji guda. Tsinken gwajin gaggawa da gwajin jini na TPHA suna neman garkuwar da jiki ya haɗa kan Treponema pallidum, ƙwayar da ke kawo tunjere, kuma a yawancin mutane wannan garkuwa ba ta gushewa ko an warke shekara 20 da suka wuce. A wurare da dama ma ana kiran tsinken da suna VDRL, alhali ba shi ba ne. Wanda ya taɓa yin wata cutar fata mai dangantaka da tunjere tun yana yaro, irin wadda ake samu a karkarar Ghana da Kamaru, shi ma zai nuna layi biyu ba tare da ya taɓa kusantar kowa ba.

RPR da VDRL, wani nau'in gwajin jini na daban, su ne ke nuna ko cutar tana aiki, amma zazzaɓin cizon sauro, juna biyu da kuturta kan tayar da su ba tare da tunjere ba. Sai gwajin iri biyu sun yarda da juna kafin ka sa hannu. A kula, domin takardar sakamakon kan shiga hannun miji ko mata.

A katin RPR: maikirolita 50 na ruwan jini a da'ira, ɗigo ɗaya na antijen (sinadarin gwajin da ke dunƙulewa idan akwai garkuwa a jinin), injin juyi 100 a minti, minti 8. Antijen yana zama a firij tsakanin digiri 2 da 8, amma a bar shi ya ɗauki ɗumin ɗaki kafin amfani, a kuma girgiza shi a hankali. Murfin da ake rufe katin da shi don riƙe danshi kada ka raina shi. A lokacin hunturu ɗigon yana bushewa kafin mintin ya cika, gefen da ya bushe sai ya yi kama da dunƙulewa.

Abin da ya fi ruɗin sabon shiga shi ne jinin da garkuwa ta yi masa yawa ƙwarai. Yawan nata ke hana dunƙulewa, kati ya fito fes. Idan mara lafiya na da ƙuraje a tafin hannu da tafin ƙafa, ko mai ciki ce da ake zargi, a tsarma ruwan jinin da ruwan gishiri, 1:2, 1:4 har 1:16, a sake. Jariri kan mutu a ciki saboda wannan sakamako na ƙarya.

Gyambon farko kuwa yakan riga garkuwa fitowa, don haka idan gwaji bai nuna komai ba, a ce wa mai gyambon ya dawo bayan mako 2 zuwa 4.

Bayan allurar benzatin penisilin, wato maganin tunjere, rubuta adadin, wato tsarmawa mafi girma da har yanzu take dunƙulewa, ba "akwai" kawai ba. Ana son ya sauka ninki huɗu, misali daga 1:32 zuwa 1:8, cikin wata 6 zuwa 12, da gwaji iri ɗaya a ɗakin gwaji ɗaya, domin RPR kan ba da adadi sama da na VDRL.