Ranar da firinta ta cinye mini rabin fakitin takarda

Shagona na buga takardu yana unguwar Zengou a Damagaram. Ranar Laraba wani ɗalibi ya shigo da kundin kammala karatunsa a fayil na PostScript, wani yaren da kwamfuta ke ba firinta umarni da shi, na tura wa tsohuwar firintata. Sai ta fara amayo shafuka cike da rubutun da ba kai ba gindi, layin farko "%!PS-Adobe". Kafin in kashe ta, takarda ta tafi.

Laifina ne. Firintar PCL kaɗai take ji, yaren da kamfanin HP ya fito da shi, wanda firintarsa LaserJet ta farko ta 1984 ta yi aiki da shi. PostScript kuwa na kamfanin Adobe ne, kuma cikakken yaren shirya manhaja ne. Sai na'ura ta karanta umarnin ta lissafa kafin ta zana shafi. Tawa ta ɗauki umarnin a matsayin rubutu, ta buga shi yadda yake.

Ghostscript, manhajar da ke karanta PostScript, ya cece ni. A cikinsa na zaɓi saitin "ljet4" ya mayar da fayil ɗin PCL 5, na sa girman A4, don in ba haka ba yana iya komawa girman takardar Amurka ya yanke wani ɓangare na shafi. Amfaninsa a wurina, yana mayar da shafin ɗige-ɗige, saboda haka ƙ da ɗ da ɓ suka fito daidai.

Yaron ya ce, "Malam, an gyara?" Na ce masa gobe ya zo da PDF, ya rage mini wahala.