Karotin da na ƙi cirewa

Bara da sanyi na ce bari in gwada ɗan fangalin karoti a bayan gida, tunda kullum ina zuwa garkar kawuna can bakin Gulbi ina kallo. Ran da na ga yadda yake watsa iri sai ka ce ba da kuɗi ya saya ba na ce Kawu wannan ai ɓarna ce, sashe ɗaya na iri, ɗan ƙunshin nan, fa ba arha ba. Dariya kawai ya yi, ya ce to kai ƙirga ɗaya-ɗaya in ka iya.

Ƙirgawar ma ba ta yiwuwa, irin karoti mitsi-mitsi ne, shi ya sa yake cuɗa shi da rairayi kafin ya watsa. Kuma ba duka ke fitowa ba, wani ya daɗe a shago ya mutu (irin albasa ya fi kowa wannan hali, in ya shekara sai a hankali), wani tururuwa ta kwashe, wani ya tsiro gyare ya datse shi da dare. Ga ƙasar fadama, in ka zuba ruwa da arozuwar (butar ban ruwa), rana ta buga, sai sama ta yi ɓawo, tsiro ɗaya da ƙyar ya fasa amma in suna da yawa wuri guda sai su ɗaga ta tare. Karoti kuma yakan kai sati 2 kafin ya leƙo, to in ka shibka kaɗan ya ƙi, kwanakin nan sun tafi, sanyin kuwa ba jiranka zai yi ba.

Wajen shibka na bi maganarsa, wajen cira ne na yi taurin kai. Fangali ya yi kore shar, wallahi tausayi ya hana ni. Kawu ya ce ba shi ruwa da marece ƙasa ta yi laushi, ka fizge raunana ka bar tazarar yatsa 3, ai ko hatsi haka ake yi mai, a tsunkuli iri a zuba a rami, bayan sati 2 ko 3 a cire a bar kamar 3. Na ce to in dasa waɗanda na cire mana? Ya ce salati da albasa da shu (kabeji) su ke karɓar dashe, karoti in saiwar ta taɓu sai ya fito a karkace ko da ƙafa biyu.

Ban cire ba dai. Bayan wata 3 na tona, ganye a sama kamar me, ƙasa kuwa sirara kamar tsinken tsire, wasu har sun nannaɗe juna. Ganyen tumaki suka cinye, uwargida kuma ta aiki yaro kasuwa ya sayo mata na dala 20.