Inda muka kai da katunan hoto da zaman ƙasa

'Yan uwa iyaye irina masu koyon yadda za mu fahimci juna da yaranmu masu lalurar otizim (lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane), ga inda muka kwana. Katunan hoto sun fara shiga hannun ɗana, ni kuma ina ta fama da darasin da ya fi ba ni wuya, wato kame bakina.

Katunan tukuna. Tsarin PECS muke bi, wato isar da saƙo ta hanyar miƙa hoto, wanda Andy Bondy da Lori Frost suka fito da shi a Amurka a 1985 domin yara masu lalurar otizim da magana ba ta zo musu ba. Matakansa shida ne. A na farko yaro zai miƙa hoton abin da yake so, a ba shi abin nan take. Sai da mutum biyu: ɗaya a gabansa riƙe da abin, ɗaya a bayansa yana tallafar hannunsa ya ɗauki katin ya miƙa, yana janye tallafin kaɗan-kaɗan. Na gaban ba ya cewa "me kake so?", don abin da ake nema shi ne yaron ya fara da kansa. Mun gama wannan matakin. Yanzu muna na biyu, inda zai tashi ya je ya ciro katin, ya biyo ni duk inda nake. Na uku, bambance hoto da hoto, ban taɓa shi ba, kuma ba na gaggawa.

Ga masu haɗa nasu a gida: hoton ainihin kofinsa da motarsa da na ɗauka da waya ya fi zane saurin shiga masa. A rufe katin da leda mai tauri, a zagaye kusurwoyin da almakashi, a manna Velcro (maɗaurin nan da ake mannawa a kuma ɓare) a baya. Kowane kati a yi shi biyu, domin wasu cikin baki suke ƙarewa.

Zaman ƙasan kuwa daga Floortime na samo shi, hanyar da likita Stanley Greenspan da Serena Wieder suka shimfiɗa. Kamar minti 20 za ki zauna inda yake, ki shiga wasan da ya zaɓa. In yana jera motoci, ba za ki ce a bari a zo a koyi launi ba. Ki ɗauki mota ɗaya ki ajiye a layin, ki jira. Ya kalle ki, ko ya ture hannunki, ko ya gyara motar, duk amsa ce, kuma a kanta za ki ɗora ta gaba. Jiran nan ne aikin. Uwa ta saba cike kowane shiru da tambaya, shi kuwa kafin ya gama juya ta farko an jefo masa ta uku. Ina ƙirga goma a zuci kafin in sake motsi, kuma sau da yawa kafin in kai ƙarshe ya yi wani abu.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne ɗaukar zamanmu a bidiyo in kalla tare da mai koya masa magana. Dabarar wani bincike ce mai suna PACT, wanda Jonathan Green ya jagoranta a Ingila da yara 152 masu shekara 2 zuwa 4. An buga sakamakon a mujallar Lancet a 2010, sannan bibiyar da aka buga a 2016 ta nuna sauƙin da aka samu a alamomin lalurar ya ɗore shekaru bayan an gama. Iyaye aka horar a can, su kuma suna yin aikin kullum a gida. A bidiyo ne na ga yana ɗan juyo da kafaɗa wajena kafin ya miƙa hannu, abin da idona bai taɓa kamawa ba a tsakiyar wasa.

A ganina duk wanda ya ce muku wannan zai warkar da yaro, ku yi hattara da shi. Hanya ce ta fahimtar juna, kuma ba ta ɗauke buƙatar ƙwararre. Nan gaba zan miƙa wa babansa kujerar gaba, don kada ya ɗauka katin a hannuna kaɗai yake aiki. Wadda ta riga mu shiga mataki na uku, da wane irin hotuna biyu kika fara?